Sulke Ko Kaya: Abin Da Ya Kawo Jiragen Yaƙin Ingila Takoradi Da Kano

A zamanin da, fataken Kano in sun tasam ma Gwanja neman goro, sukan yi wajen wata uku a hanya kafin su isa kasuwar Salaga. Sukan bi ta Yawuri da Bargu da Sansanin Mango da Yendi, da jakunansu da kanwa da tufafi. A shekarar 1940 sai aka buɗe wata sabuwar hanya tsakanin ƙasar Gold Coast, watau Gana ta yau, da birnin Kano. Wannan hanya a sararin sama take, kwana biyu ake yi a kanta, kayan da ke bin ta kuwa jiragen yaƙi ne masu zuwa Masar. Tsofaffin sojan Salaga da Yendi da Bawku sun san labarin Habasha da na Bama, amma ba kowa ya san dalilin da ya sa Ingila, wadda ta fi kowa jiragen ruwa a lokacin, ta rasa hanyar kai jiragen samanta Masar sai ta ƙasar baƙar fata ba. Babban yanki na amsar yana cikin ƙirar jiragen ruwanta masu dakon jiragen sama.

Mene ne jirgin dakon jiragen sama?

Jirgin ruwa ne babba wanda aka shimfiɗe samansa kamar fili, don ƙananan jiragen sama su tashi su sauka a kai. Ƙarƙashin filin akwai wani dogon zaure inda ake ajiye jiragen, a gyara su, a zuba musu mai. Tsakanin zauren da filin akwai dandamali mai hawa da sauka, shi ke fito da jirgi sama ya kuma mai da shi ƙasa. Ƙarfin irin wannan jirgin ruwa yana ga yawan jiragen saman da ya ɗauka da kuma nagartarsu. In suna da yawa suna da sauri, zai tsare kansa ya tsare sauran jiragen da ke tare da shi. In kaɗan ne marasa sauri, shi ma abin farauta ne.

Turawan Ingila ne suka riga kowa a wannan sana'a. A 1918 suka gama jirgin da ake kira Argus, wanda shi ne na fari a duniya mai shimfiɗaɗɗen fili daga goshi har wutsiya. Amma riga malam masallaci ba shi ne limanci ba. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba 1939, Ingila tana da irin waɗannan jirage guda 7, ɗaya kaɗai ne sabo, watau Ark Royal na 1938. Argus asalinsa jirgin fasinja ne da aka soma ƙera wa Italiya. Eagle jirgin igwa ne da aka soma ƙera wa ƙasar Cile. Furious da Courageous da Glorious duk jiragen igwa ne na Yaƙin Duniya na Farko da aka sāke musu fasali. Hermes an ƙera shi don wannan aiki tun farko, amma ƙarami ne ƙwarai.

Doki na wani, linzami na wani

Matsala ta farko daga ofis ta taso. Ran 1 ga Afrilu 1918 gwamnatin Ingila ta haɗa jiragen saman sojan ƙasa da na sojan ruwa, ta yi runduna guda ta mayaƙan sama. Tun daga ranar, har shekara 21, sojan ruwa su ke da jirgin dako, amma jiragen saman da ke kansa suna hannun wata runduna dabam. Ita kuwa wannan runduna hankalinta yana kan manyan jiragen bom da tsaron sararin Ingila. In an raba kuɗi, ragowa ake ba jiragen teku. Ƙwararrun matuƙa da masana ƙira yawancinsu sun bi sabuwar runduna, aka bar manyan sojan ruwa da ƙarancin mutanen da suka san sha'anin sama. Ba a mayar wa sojan ruwa jiragensu gaba ɗaya ba sai a watan Mayu 1939, saura wata uku da 'yan kwanaki a soma yaƙi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka jiragen da suka shiga yaƙi da su tsofaffin yayi ne. Wanda ya fi suna shi ne Swordfish, mai fukafukai biyu sama da ƙasa, an lulluɓe jikinsa da zane, matuƙinsa yana zaune a buɗe iska tana dukansa. Gudunsa bai wuce mil 140 a awa ba. Jirgin faɗan da aka ba su a 1940, Fulmar, mutum biyu yake ɗauka, domin manyan sojan ruwa sun nace sai da mai duba hanya a baya, gudun kada matuƙi ya ɓace a kan teku. Nauyin mutum na biyu da kayansa ya sa gudunsa ya tsaya wajen mil 270, alhali jirgin faɗan Jamus mai mutum ɗaya yana yin wajen mil 350.

Dokin lifidi

Matsala ta biyu 'yar ta farko ce. A wajen 1936, da aka zauna shirya sababbin jiragen dako, shugaban ƙira na sojan ruwa, Admiral Reginald Henderson, ya duba inda za a yi yaƙin: Bahar Rum da tekun arewacin Turai. Waɗannan ruwaye ƙunci gare su, ko'ina jirgi yake, jiragen bom na abokan gaba za su iya taso masa daga tudu. A lokacin ba a sa wa jiragen ruwa na'urar hango jirage daga nesa ba tukuna, sai dai ido. Kafin a ga maƙiyi a tashi a tare shi, ya riga ya iso. Jiragen faɗan da ke akwai kuma ba su da saurin kama shi. To, tun da ba za a iya tare duka ba, sai aka yanke shawara a ƙera jirgin da zai iya shanye dukan.

Haka aka yi Illustrious da 'yan'uwansa Formidable da Victorious. Aka sa wa filin samansu ƙarfe mai kaurin inci 3, bangon zauren kuma inci 4 da rabi. Zauren ya zama kamar akwatin ƙarfe. Dabarar ita ce, in an ga jiragen bom, sai a sauke jiragen sama duka cikin akwatin, a rufe, a bar bindigogi su yi aiki.

Duk wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi a hawan salla ya san yadda wannan ciniki yake. Dokin da aka lulluɓe da lifidi kibiya ba ta huda shi da sauƙi, amma ba ya dogon gudu, ba a kuma ɗora masa kaya. Ga shi kuma akwai yarjejeniya tsakanin manyan ƙasashe, wadda aka ƙulla a London a 1936, cewa kada jirgin dako ya wuce tan 23,000. Duk tan ɗin da aka ba sulke, an ƙwace shi daga wurin jiragen sama. Taura biyu ba ta taunuwa. Ark Royal, wanda ba shi da irin wannan sulke, yana da zaure biyu, yana iya ɗaukar jirage wajen 60. Illustrious zaure ɗaya gare shi, jirage 36 aka shirya masa. Jiragen dakon Amurka na wannan zamani, masu filin katako, suna ɗaukar 80 ko fiye. Man jirgin sama da Illustrious ke ɗauka galan 50,000 ne ko kusa da haka, na Amurka kuwa kusan ninki uku.

Akwai kuma ƙuncin ƙofa. Don kada a raunana sulken, sai aka yi dandamalin hawa da sauka siriri, faɗinsa ƙafa 22. Jirgin Hurricane, wanda shi ne jirgin faɗan kirki da Ingila ke da shi da yawa a 1940, faɗin fukafukansa ƙafa 40 ne, ba sa kuma naɗewa. Watau ko an ɗora shi a kan Illustrious, ba zai shiga zaure ba. Rufin zauren ƙafa 16 ne daga ƙasa. Da aka samo jiragen Corsair daga Amurka daga baya, sai da aka datse inci 8 a bakin kowane fiffike kafin su shiga in an naɗe su sama. Jirage biyu na ƙarshe a wannan zuriya, Implacable da Indefatigable, an yi musu zaure biyu masu tsawon ƙafa 14, Corsair bai taɓa shiga cikinsu ba.

Bahar Rum ta rufe

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga yaƙi a gefen Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Sojan Ingila da ke Masar suna tsaron mashigin Suwes suka wayi gari da rundunar Italiya a Libiya, ga su da ƙarancin jiragen sama. Daga Ingila zuwa Masar ta Bahar Rum wajen mil 3,000 ne, amma dole a bi ta ƙuncin da ke tsakanin tsibirin Sisili da Tunisiya, ƙarƙashin inuwar jiragen bom. Da a ce jiragen dakon Ingila suna ɗauke da jiragen faɗa masu yawa masu sauri, da sun iya yi wa ayarin jiragen kaya rumfa su wuce. Ba su da su. Kafin wannan lokaci ma an riga an nutsar da biyu: Courageous a watan Satumba 1939, da Glorious ran 8 ga Yuni 1940, wanda jiragen igwan Jamus suka riska a tekun Norwe ba ko jirgi ɗaya nasa a sama yana gadi.

Ran 10 ga Janairu 1941 aka gwada sulken. Jiragen bom na Jamus masu kurmuyowa daga sama suka auka wa Illustrious kusa da tsibirin Malta. 'Yan jiragen Fulmar da ke sama ba su iya hana su ba. Bom ya same shi har wajen sau shida, mutum 126 suka mutu. Bai nutse ba, ya ja jiki ya shiga Malta, amma sai da aka kai shi Amurka gyara, ba a gama gyaran ba sai ƙarshen shekara. A watan Mayu aka yi wa Formidable irin wannan duka kusa da tsibirin Kirit, shi ma ya tafi Amurka. Sulke ya ceci jiragen, amma bai buɗe hanya ba. Ayari yakan ratsa Bahar Rum jefi-jefi, da hasara mai yawa. Hanyar da ta rage ita ce zagaye ta kudancin Afirka, mil 12,000, tafiyar wata biyu ko fiye.

Takoradi zuwa Alƙahira

Nan ne aka tuna da wata hanya da aka riga aka share. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila sun taso daga Masar sun sauka a Kano, su ne na farko da suka taɓa sauka a birnin. Jagoransu Arthur Coningham ne, wanda a 1941 ya zama shugaban mayaƙan saman Ingila a hamadar Masar da Libiya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya soma jigila tsakanin Hartum da Kano, daga baya ya miƙa har Ikko da Ankara, babban birnin Gold Coast. Takoradi kuma tana da tashar jiragen ruwa mai zurfi da aka buɗe a 1928. A watan Yuli 1940 sai ƙungiyar farko ta mayaƙan sama ta sauka Takoradi, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Thorold, don shirya wurin haɗa jirage.

Saura abu guda. Tsakanin Najeriya da Sudan akwai Cadi, ƙasar Faransa, ga shi gwamnonin Faransa na Afirka ta Yamma sun bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus. Mutanen Bawku sun ga wannan da idonsu, domin iyakar da ke arewa da su ta zama iyakar zargi da tsaro har ƙarshen 1942. Amma gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan ƙasar Giyana, ya bayyana ran 26 ga Agusta 1940 cewa shi yana tare da Janar de Gaulle. Da wannan magana Fallomi, watau Njamena ta yau, ta buɗe.

A farkon Satumba 1940 tsohon Argus ya iso Takoradi da jiragen Hurricane. Kafin watan ya ƙare ayari na farko ya tashi, jirgin bom ɗaya samfurin Blenheim yana gaba a matsayin madugu, domin shi ke da mai duba hanya, Hurricane shida suna biye. Zangon farko Ikko ne, na biyu Kano, sa'an nan Maiduguri da Fallomi, da Janaina da Fashir a Darfur, da Hartum, daga nan a bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta kusa mil 4,000, kwana shida in an yi sa'a. A watan Nuwamba Furious ya bar Liverpool ran 15, ya iso Takoradi ran 27, ɗauke da jiragen Hurricane da matuƙansu, waɗanda suka isa Masar kafin shekara ta ƙare. Ya sāke dawowa a Janairu da Maris 1941.

Mai karatu ya lura da abin da ya faru. Jirgin da aka yi don faɗa ya koma jakin fatake. Tun da ba zai iya tsare teku da jiragensa ba, aikin da ya fi amfani da zai yi shi ne ya yi wa mayaƙan tudu dakon nasu. Furious ya dace da wannan aiki domin yana da sauri, dandamalinsa kuma na tsohon yayi ne mai faɗi. Yawancin jiragen da suka bi wannan hanya daga baya a cikin manyan akwatuna suka zo, a jiragen kaya, makanikai Turawa da ma'aikata 'yan ƙasa suka haɗa su a Takoradi.

Hanyar ba ta da sauƙi. Da damina akwai hadari, da rani akwai hazo mai rufe ƙasa. Yashi yana cin inji, har jirgi yakan isa Masar yana bukatar gyara kafin ya ga maƙiyi. Akan shafa wa bayan jiragen farin fenti don a gane su daga sama in sun faɗi a daji. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da mutane da yawa. Kowane galan na mai da aka sha a Kano sai da aka hau da shi a jirgin ƙasa daga bakin teku. Jamus ta san darajar hanyar, har a Janairu 1942 wani jirgin bom nata guda ya ratso hamada daga Libiya ya ƙone rumbun mai a Fallomi. Duk da haka, daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta Takoradi zuwa Masar. A watan Mayu 1942 jirgin dakon Amurka mai suna Ranger ya tsaya a teku daura da Ankara, jiragen faɗa 68 suka tashi daga kansa suka kama wannan hanya, a Yuli kuma ya kawo 72. Tafiya ɗaya tasa ta kusan ninka abin da Illustrious ke ɗauka.

Inda sojan arewa suka gamu da su

Rundunar sojan Gold Coast ta dogara ƙwarai ga samarin arewa, Dagomba da Gwanjawa da Kusasi da Mamprusi da Frafra da 'yan zango, Hausa kuma ita ce harshen bariki. A watan Fabrairu 1941, lokacin da birged ɗin Gold Coast ke faɗa da sojan Italiya a bakin kogin Juba a Somaliya, ƙaramin Hermes yana teku daura da Kismayu, jiragensa na Swordfish suna taimakon mayaƙan tudu. Shi ne kuma a watan Yuli 1940 ya aika Swordfish shida suka raunana babban jirgin igwan Faransa, Richelieu, a tashar Dakar. Inda maƙiyi ba shi da jiragen faɗa na kirki, ko kuwa cikin dare, tsohon Swordfish yana yin abin mamaki. Ran 11 ga Nuwamba 1940 guda 21 suka tashi daga Illustrious da dare suka nakasa manyan jiragen igwan Italiya uku a tashar Taranto. A watan Mayu 1941 na Ark Royal suka lalata sitiyarin Bismarck har aka cim masa. Amma da rana tsaka a gaban jiragen faɗan Jamus, a watan Fabrairu 1942, shida suka fita, ba ko ɗaya da ya dawo, mutum 13 cikin 18 suka mutu. Hermes kuwa jiragen Japan suka nutsar da shi ran 9 ga Afrilu 1942 kusa da Silon, ba jirgin faɗa ko ɗaya a kansa.

Hisabi

Ba daidai ba ne a ce masu ƙira sun yi wauta. A 1945, kusa da Okinawa, matuƙan Japan masu faɗowa da jiragensu da gangan sun auka wa jiragen dakon Ingila. Ran 4 ga Mayu ɗaya ya faɗa kan Formidable, ya lotsa filin, aka cike wurin, kafin dare jirage suna sauka. Ran 11 ga watan biyu suka faɗa kan Bunker Hill na Amurka mai filin katako, mutum kusan 400 suka mutu, jirgin bai sāke shiga yaƙin ba. Cikin jiragen dako shida masu sulke da Ingila ta ƙera, ba wanda aka nutsar. Sai dai a wannan lokaci an riga an koyi ajiye jirage a kan fili yadda Amurkawa ke yi, har Illustrious yana ɗaukar fiye da 50, akwai na'urar hango maƙiyi daga nesa, yawancin jiragen da ke kansa kuma ƙirar Amurka ne. An yi ƙoƙarin mai da Spitfire jirgin teku, aka kira shi Seafire, amma ƙafafunsa ba su jure saukar jirgin ruwa ba. A Salerno a 1943 waɗanda suka karye wajen sauka sun fi waɗanda maƙiyi ya harbo nesa ba kusa ba.

Cikin jirage 7 da Ingila ta shiga yaƙi da su, an nutsar da 5 kafin ƙarshen Agusta 1942: Courageous, Glorious, Ark Royal, Hermes da Eagle. Biyun da suka ga ƙarshen yaƙin su ne Argus da Furious, tsofaffin da suka yi dako zuwa Takoradi. Sulken da aka sa wa sababbin magani ne na wata cuta da aka bari ta daɗe, watau shekara 21 da aka yi jiragen saman teku ba su da mai kula da su da zuciya ɗaya. Kuɗin wannan sakaci matuƙan Fulmar da Swordfish ne suka biya shi da rayukansu. Wani kashi na nauyin kuma ya sauka a kan ma'aikatan tashar Takoradi, da leburorin da suka share filayen Kano da Maiduguri, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin jirgin dakon jiragen sama ba.